Jan Gwada na Dutsen Birni

Bido goma sha bakwai ke gabana,
famfo bai ce uffan ba tun asuba.
Na jingina da dutsen nan na bayan gidan Ciroma,
wanda ya riga Damagaram zama a nan,
sai ga shi ya fito daga tsaga,
jiki toka-toka, sanyin dare bai sake shi ba.

Ba ya gaggawa.
Ya shimfiɗa ciki, ya bar hantsi ya ratsa ƙashinsa,
kai ya soma ja kamar garwashin da aka hura.
Sannan ya dogara hannu biyu,
ya gyaɗa kai sau uku,
wai shi ne mai unguwa.

Tururuwa sun yi layi irin namu,
kowace da ƙwayar geronta.
Bai raina su ba.
Ɗaya, ɗaya, ɗaya,
ta huɗu ya bar ta ta wuce, ban san dalili ba.
Ƙuda ya sauka kan ɓawon mangwaro, ya zama tarihi.
Ran da shinge ya tashi bara,
na ga wannan ko ubansa
ya ci har fiffike ya leƙo ta gefen baki.

Wani saurayi ya hau dutsen ba sallama.
Aka karkace, aka yi bulala da wutsiya,
baƙo ya sauka da rabin tasa.

Mutari, ƙanena, kai ka faɗo mini.
Muryarka ta shekaranjiya tana cikin salula:
wai inda kake rairayi ya gangara har cikin teku,
ruwa iya ganin ido, ba na sha ba,
wai akwai wani ɗan ƙadangare fari a can
mai ɗaga ƙafa bibbiyu don zafin ƙasa,
yana lasar raɓa da sassafe,
yana jiran abin da iska ta kawo.
Ka yi dariya da kake faɗi.
Ban ji ka ce ka ci abinci ba.

An ce na bakin tulu ya fi ƙarfin jifa,
a kar shi a kar tulu, a bar shi ya ɓata ruwa.
Namu ya huta da wannan magana:
tulun gidanmu kwana biyu ke nan a kife.

Inuwar shirwa ta gifta.
Kafin in ƙifta ido dutse ya haɗiye shi,
sai ƴar ƙasa da ta zubo.

Famfo ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari.
Barira ta miƙe tana ɗaure zane.
Daga tsaga, ido ɗaya yana duban sama,
ni kuma na matsa da bidona taki ɗaya.