Katunan Bankole

Ƙarfe tara a Yaba. Janareta na tari a bayan bene.
Jiya kati goma sha ɗaya ne a allon aikinmu,
yau huɗu.

Na leƙa rumbun ajiya, wayam.
Na zazzage kwandon shara, sai rasidin bara.
Madam Nkiru ta turo saƙo karo na uku:
"Tasalla, ina aikin Apapa?"
Ruwa na dukan taga kamar mai bin bashi.

Can na tuna rariyar da ke saman allo,
mai tace sunayen ma'aikata.
Na ɗage ta.

Ga su nan, bakwai, sun yi cirko-cirko
ƙarƙashin sunan da aka rufe ran Juma'a:
Bankole, da ya sayar da motarsa ya hau jirgi.
Da aka share shi, ayyukansa suka bi shi duhu
kamar 'yan tsaki a bayan kaza.

A katin ƙarshe ya bar layi guda:
"Mai gadin sito ba ya ɗaga waya sai bayan azahar."

Na jawo su ɗaya-ɗaya ƙarƙashin sunana.
Yau ma sai dare ya raba zan ga Agege.