Yatsu Uku

A jikin ƙofar ɗakinmu na Kakuri akwai zanen ƙusa,
inda Baba yake auna mu duk shekara.
Kowa ya jingina, ya miƙe wuya, ya saci ɗage.
Nasa zanen yana can sama,
Yaya Hashimu ne ya taka turmi ya ja shi.
Ranar Talata ya tsaya a wurin yana laluben makulli,
na ga zanen ya haye kansa da yatsu uku.
Na haɗiye.

Wando ne ya fara tona asiri.
Sau biyu Shu'aibu tela yana rage masa ƙafa.
Baba ya ce yadin yanzu ne ba shi da amana,
wanki ɗaya sai ya saki jiki.
Shi da ya yi shekara ashirin da shida a masaƙa,
yana ɗaga atamfa ga fitila,
yana kama zaren da ya tsinke tun ido bai kai ba.

Dakta Zugwai ta juyo mana da takardar.
Ta ce fararen ƙwayoyin jininsa ne suka yi yawa,
tsofaffin sojoji da suka ƙi ajiye kaki,
ba sa yaƙi, ba sa mutuwa,
sun cika ɓargo sun hana yara wurin kwana.
Baba ya yi dariya har da tari:
irinsu ai garin nan ya saba da su.

Ta ce kowace ƙwaya da tsagarta a fuska,
yadda a da ake gane Bagobiri tun bai yi sallama ba.
An kai jinin Shika, na'ura ta karanta tsagar,
ta dawo da lambobi:
biyar, sha tara, ashirin da uku,
sai talatin da takwas, da ta kewaye da jan biro.
Na ce, ita ce mai cin ƙashin?
Ta ce, muna zato. Ba mu gama sani ba.
Na ji daɗi da ba ta yi mana ƙarya ba,
na kuma ji haushinta har muka wuce gada.

Hoton bayansa kuwa, shi ya miƙa hannu ya karɓa.
Ya kai shi taga, ya karkata kai,
yadda na san shi tun ina goye.
Ya daɗe.
Ya ce, zaren tsaye yana nan,
na kwance ne ya zube.
Da ni ne a bakin aiki, wannan ba ta wuce ni.

Yanzu damina ce, tsakar gida santsi.
Mun zuba yashi daga ƙofa har rijiya,
mun ɗauke dutsen da kowa ya san tsallake shi.
Inna tana daka ƙananan kifi da ƙayarsu cikin miya,
nono da safe, hantsi a kan tabarma,
ƙwaya fara mai kama da alli.
A zaune yake salla.
Ɗan ƙaramin Mudi ya rugo zai ɗale bayansa,
mu uku muka yi tsawa lokaci guda,
yaron ya tsaya cak, bai san laifinsa ba.

Daren jiya Baba ya kira Mudi bakin ƙofa,
ya dafa kansa, ya ja masa zane.
Sai ya cire hula, ya jingina,
ya miƙo mini ƙusar.
Ya ce, auna, Kande, kuma ban da ragi.

Hannuna yana rawa, zanen ya karkace.
Ya juyo, ya jera yatsunsa tsakanin tsohon da sabon,
suka shige daidai.
Ya ce, gobe ki kai wa Shu'aibu wandon nan,
ki ce masa yadin ba shi da laifi.