Koriyar Riga

Ƙarfe bakwai nake ɗaga ƙofar shago,
unguwar Almagro ba ta gama miƙa ba.
Doña Ofelia na bin lissafin jiya da tsinin biro,
ni kuwa dutsen guga nake fara gaisarwa.
Sunana Nelida. Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina kwantar da kwalar mutanen Buenos Aires,
ina biya wa tururi kalmomin da zan faɗa da dare.

Da dare fa? Ƙarƙashin wani shagon takalma,
matakala goma sha huɗu zuwa ƙasa,
kujeru talatin da biyu, uku sun gurgunce.
Can nake zama sarauniya, ko bazawara, ko mahaukaciya,
duk abin da Fermin ya rubuta a bayan rasit.
Ran Asabar mutum tara suka zo.
Biyu 'yan uwana ne. Ɗaya ruwa ne ya koro shi.

An ce taura biyu ba ta taunuwa.
Ni dai ina taunawa, muƙamuƙina ne shaida.
Kuɗin haya ba ya jin tafi,
mai gida bai taɓa karɓar "kin yi ƙoƙari" ba.
Hannun da ya riƙe kambi jiya da dare
shi ke kankare miya a rigar wani lauya da safe.
Sau biyu gwaji ya wuce ni don wanki ya taru,
sau ɗaya na ƙona wando ina koyon kukan ƙarya.

Ran Laraba aka kawo riga daga titin Corrientes,
koriya, mai duwatsu, nauyinta kamar jariri,
ta matar nan da hotonta ya rufe rabin bene.
Na juya cikinta waje ina neman asirin.
Na bi ɗinki, na shinshina, na ɗaga ta ga fitila.
Me na samu? Gumi a hammata,
gishirinsa ya zana taswira irin tawa,
da wani fil da aka kama yaga da shi a gurguje.
Ashe ita ma gabanta na faɗuwa.

To mene ne shi, abin nan da ba shi da suna?
Fermin ya ce ƙirar fuska ce da sa'a.
Doña Ofelia ta ce kawu ne a gidan talabijin.
Uwata ta ce farin jini ba a awonsa a kanti.

Sai ga Anselmo, mai kai kaya a keke,
saba'in ba ɗaya, haƙora sun yi ƙaura,
ya jingina da kanta yana zuƙar shayin mate,
ya ɗauko labarin maɓallin da ya ɓace masa
shekarar da ruwa ya ci titinsu.
Maɓalli fa.
Matar da ke sauri ta ajiye jakarta.
Injin wanki ya gama juyi, ba wanda ya waiwaya.
Ya tsaya cak a tsakiyar magana,
mu biyar muka riƙe numfashi kamar ajiya aka ba mu.
Bai roƙi kowa ya dube shi ba.
Maɓallin yake kallo, can cikin ruwan da ya daɗe da janyewa,
mu kuma muka bi idonsa.

Da ya gama ya ɗauki ƙunshin zanen gado,
ya ce rana na yi, ya hau kekensa.

Na goge koriyar riga, na sa mata leda.
Fil ɗin na bar shi inda na same shi.

Yau da dare akwai wasa. An ce za a yi ruwa,
wataƙila mu kai goma.
Zan sauka matakala da warin sitaci a gashina,
ba zan ƙirga kujeru ba.
Gobe kuma ƙarfe bakwai,
labulen otal guda shida na jirana.