Gurgun Dodo

Dala arba'in a wuni, da shinkafa da wake,
shi ne ladan zama dodo
a fadamar bayan garin Houma.

Lamar ya jinginar da motarsa
ya sayi robar da aka ɗinka min fata.
Haƙoran na katako ne,
jinin kuwa ruwan sukari da jan kala.
Ƙudaje sun fi kowa yarda da fim ɗin.

Sau tara ina cinye Odile,
sau tara tana tashi, ta kakkaɓe laka,
ta ɗage min haɓar roba
ta ɗura min lemo.

Ranar da kada na gaske ya leƙo
ni na riga kowa faɗawa kwalekwale,
da jelata a hammata.

Ko ƙofar silima ba mu gani ba.
Sai kaset, sai kantar ƙasa,
kusa da ma'ajiyar tsintsiya.
A kwalin an zana wani ƙato mai ido shida
wanda ban taɓa haɗuwa da shi ba.
Sunana ma sun cinye harafi ɗaya.

Shekara talatin ke nan.
Jiya jikata ta tsinto shi a gwanjo,
ta kunna, ta kashe fitila.
Hayaƙin injin haya ya turnuƙe,
abin ya taso daga ruwa, zif ɗinsa na ƙyalli,
yana jan ƙafar hagu.

Ba ta yi ihu ba.
Ta matsa har hancinta ya taɓa gilashi,
ta ce, "Kaka, ashe tun lokacin gwiwar ke ciwo?"