Ba Ƙarfe Ba Ce

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri, a Auyo.
Karatun da na gada gajere ne:
in ƙarfe ya yi gardama a ba shi wuta,
a kwantar da shi, a ba shi masaba.

Da Sabi'u ya soma tafiya da sanɗa
kamar mai gudun tashin wani daga barci,
da na ga yana dafa gwiwa, ya dafa cinya,
yana hawan kansa kamar tsani kafin ya miƙe,
sai na ce son jiki ne.
Ku dubi sha-raɓarsa, kamar ta ɗan kokawa!
Na ɗora masa tulu, na ce rijiya, sawu biyar.
Ya yi biyu.
Kwana uku bai bar tabarma ba.
Allah Ya yafe mini wannan tulun.

A asibitin Haɗejia, ɗakin gashi,
Malam Ɗahiru ya juya tafin hannuna, kanta bisa kanta,
ya ce, Baba, tsokar yaron nan ba ƙarfe ba ce.
Tsohon saƙi ce.
A bar ta a ninke, ta ƙage.
A ja ta da ƙarfi, ta yage.
Na ce, warkewa fa?
Ya daɗe yana gyara takardun da ba su karkace ba,
sannan ya ce, lokaci za mu saya, kwabo-kwabo.

Yanzu bayan asuba, kafin in hura wuta,
diddigensa na cikin tafina,
tafin ƙafarsa jingine da hannuna,
in tura sannu har jijiya ta ce nan ne iyaka.
Shi ke ƙirga talatin.
Daga sha tara yakan tsallaka ashirin da biyar,
ni kuma in zama wanda bai san lissafi ba
sau ɗaya, a ƙafar hagu.
Ta dama ba ragi.

Uwarsa Lantana ta kawo kwalba rabi da ruwa
da hannun ganyen gwanda mai rami.
Ya hura, ruwa ya ɓuɓɓugo.
Shekara talatin ina jin zuga-zugi,
na san kukan fata in ta fara saki,
shi ya sa ba na kallon kwalbar,
ƙirjinsa nake saurare.

Ran Juma'a bayan la'asar sai amalanke,
mu gangara kogi inda yashi ya yi shimfiɗa.
Ruwa ya kawo masa ƙirji
ya karɓe masa nauyin da ƙasa ke bin sa bashi.
Nan yake taku kamar kowa.
Masunta suka ce sannu da aiki, shi ya amsa.
Baba, sake ni.
In saki yatsa ɗaya, in saki na biyu,
sauran ukun ba su jin magana.

Dokar da ta fi ci mini rai:
a tsaya tun yana dariya.
Ni da ban taɓa sauke masaba
ƙarfe na ja ba.

Bara da ƙafarsa yake zuwa masallaci.
Bana iyakarsa mainar ƙofar gida.
Na sani. Shi ma ya sani.
Ba mu ce wa juna komai ba.

Tanimu ya zo karɓar garma jiya,
ya ce hannuna ya yi sanyi, aiki na daɗewa.
Na ce haka ne.
A bayan maƙera akwai bututu kamu goma sha biyu,
madafa ce daga ɗakinsa zuwa inuwa.
Kwana shida ina goge ta da zarto,
ina bi da kuncina
in ji ko da sauran kaifi.