Abin da Bai Shiga Gado Ba

Ran da Baba ya cika arba'in
muka baje tabarmi a zauren Rafindaɗi.
Malam Zubairu ya gyara tabarau, ya lashi yatsa,
aka shiga lissafi:
gonar hanyar Jibiya, awaki bakwai,
rediyon da sai an mare shi yake magana.
Sai ga Indo daga turaka
rungume da wani abu cikin tsohon rawani
kamar jinjirin da ba a raɗa wa suna ba.

Kwalba ce mai dogon wuya,
bakinta liƙe da jan kaki.
Zaure ya yi tsit. Kawu Barmo ya hau tari.

Ni na san ta.
Ina ɗan shekara tara ta iso a kwali,
da wasiƙa daga Andiriya mai haƙa burtsatse,
wanda Baba ya yi wa tuƙi rani huɗu.
Shawara ta taɓa kayar da shi a Batsari,
idonsa ya koma ruwan ɗorawa,
Baba ya kwana goma sha ɗaya a gefensa
yana ɗura masa kunun tsamiya cokali-cokali.

Wasiƙar ta ce:
"Garinmu tsibiri ne, teku gabas, teku yamma.
Ba ma matse inabi ran da aka tsinke shi.
Shanya shi muke, rana ta sha rabonta,
har ya yamutse kamar kuncin kakata.
Abin da rana ta rage, shi ne zaƙin.
Kwando goma da ƙyar ke cika tulu.
Na san ba ka sha.
Amma duk gidanmu babu abin da ya fi wannan."

Baba ya juya kwalbar, ya daɗe yana juyawa.
Ya ce, "A maƙogwarona haramun ce.
A hannun wanda ya aiko, iyakar ƙarfinsa ce."
Ya naɗe ta, ya tura ƙarƙashin gado,
can nesa da inda yake ajiye Alƙur'ani.
Shekara talatin da ɗaya
bai buɗe ba, bai sayar ba, bai nuna wa baƙo ba.
Da damina dai yakan jawo ta ya share ƙura.

Malam ya ajiye biro.
"Wannan ba dukiya ba ce.
Ba ta da tumuni, ba ta da sudusi. A zubar."
Ba wanda ya musa. Ni ma ban musa ba.

Bayan la'asar na kai ta gindin lemun tsami.
Kakin ya yi gardama, sannan ya saki.
Ta fito a hankali, ba irin gaggawar ruwa ba,
ta fi zoɓo duhu,
ta kusa zuma nauyi,
ƙamshin zabibi, da dabinon da ya kwana a buhu,
da wata rana da ba tamu ba.
Na kau da hanci. Ƙamshin ya zagayo ta ɗaya gefen.

Ƙasar Katsina ba ta tambayi komai ba,
ta shanye.
Kafin magariba ƙiyashi sun yi layi,
su da ba a karanta musu hukunci ba.

Na ɗauraye kwalbar sau bakwai.
Na rubuta wa Andiriya cewa abokinsa ya tafi,
har yau ba amsa.
Wataƙila can ma an yi nasu lissafin.

Yanzu tana kan taga, ba komai a ciki.
Inna kuwa tana bisa soro tana shanyar tumatir,
tana juya su ɗaya-ɗaya,
tana korar kaji da bakin zane,
tana jiran abin da rana za ta rage.