Ƙosan Zuwera

Ba ta cika shekara huɗu ba.
Tun ranar da wanta Mantau ya dawo daga lakwal
da guntun alli a aljihu,
bangon gidanmu na Bilbis bai sake hutawa ba.

Tayar amalanke, in ji ta, O ce.
Sandar lantarki ta bakin hanya, T.
Buhun albasar Galmi ma sai ta tsai da ni
ta laluba jan rubutunsa da yatsa
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ni da na tsufa ina dangwala babban yatsa a takarda,
yau ga malamata ba ko takalmi.

Da asuba, ina bakin kasko,
ta ce, "Kaka, soya mini Z, nawa ne."
Na karkata ludayi, na ja, na dawo, na ja.
Ƙullu ya ƙi.
Ya dunƙule abinsa cikin mai.

Ta duba, ta hura, ta gatsa.
"Ke O kaɗai kika iya," ta ce.
"Bari, gobe in koya miki."